Gaba Arba'in a Hannun Lesieli

Ƙanwata Lesieli ita kaɗai ce mace a tsibirinmu da ke tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska, ni kuma ni ce wawiyar da ke tsaya mata a goshin jirgin. Na ce wawiya don na san kaina. Ni Haloti, tun ina yarinya ba ma ga maciji da teku, ruwa ya wuce gwiwata sai in juyo da gudu. To amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa har yau nake bin ta.

Seli muke ce mata a gida. 'Yar ficiciya ce, gajeriya, ga baki ga taurin kai. Duk samarin tsibirin nan ta rasa wanda za ta aura sai Sunia, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar coci. Ranar bikinsu na ce mata, "Seli, in za ki yi masa raɗa sai kin hau kututturen kwakwa." Ta ce, "Yaya, ai gara in hau kututture da in auri wanda zan riƙa leƙa tsakar kansa irin naki." Mijina yana zaune yana ji, ya shafa tsakar kansa, don gaskiya ta faɗa.

Sunia bai zo da gona ba, bai zo da garken aladu ba. Da jirgi ya zo, na katako, gadon mahaifinsa, mai turke dogo ɗaya a tsakiya da babban zane da iska ke turawa. Tavake sunansa. Wanda bai taɓa riƙe jirgi ba gani yake dukiya ce. Wahala ce zalla. Duk lokacin da wata ya kawo babbar janyewar ruwa sai an kwantar da shi a yashi an kankare masa ciki, don gansakuka da ƙananan katantanwa suna maƙale masa har ya kasa gudu. Sai an cusa zaren ɓawon kwakwa a tsagar katakai, a shafa fenti, a jira ya bushe kafin ruwa ya dawo. Zanen kuwa Seli ce ke ɗinke shi kafin lokacin guguwa, ɗinki kan ɗinki, har yatsunta suka yi kanta.

Ita ce kuma mai lissafin kaya. Akwai shuɗin layi a jikin jirgin, dole ya tsaya yatsa uku saman ruwa, in ya sauka ƙasa da haka ko uwarta ce ta zo ba ta hawa. Durom ɗin ruwan sha guda daidai yake da manyan mata biyu a wurinta. Da ido take auna mutum. Ta taɓa duban matar fasto ta ce, "Mama, ko ke ko buhunan doyarki, ɗaya zai jira jibi." Aka yi wata guda matar nan ba ta amsa mata gaisuwa.

Sunia shi ke goshi, wurin anka, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Bai san mita ba, bai kuma so ya sani. Komai da jikinsa yake aunawa: yatsa, taki, gaba. Ya buɗe hannayensa biyu, daga wannan yatsa zuwa wancan, gaba ke nan, kamar yadda ubansa ya yi. Zurfin kowane lungu na tsibiran nan yana kansa, kuma duk sanda zai jefa anka sai ya faɗa da ƙarfi, Seli tana baya riƙe da sandar tuƙi tana ji. Bakin garinmu gaba uku. Mashigar Neiafu gaba goma sha biyu. Lungun Ƙaguwa gaba takwas in ruwa ya cika. Sannan dokarsa: in teku na kwance, ka saki igiya ninki uku na zurfin, in iska ta tashi, ninki biyar, don igiya ta kwanta ta ja anka ta gefe ya nutse cikin yashi. In igiya ta gajarta ta miƙe tsaye, tumɓuke shi za ta yi. Shekara ashirin da ɗoriya tana jin wannan karatu, ta haddace shi fiye da addu'ar Ubangiji.

Wata safiya Sunia ya faɗi a bakin ruwa yana ɗauke da ragar kifi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗif. Katon mutumin nan ya koma sai an kwantar an tayar. 'Ya'yansu maza biyu suna can ƙasar waje, Niu Sila, wurin tsinkar 'ya'yan itace, ba mai dawowa. Kowa ya ce a sayar da jirgin. Wani Bature mai masaukin baƙi ma ya aiko, wai zai girke shi a ƙofar gidansa don ado. Ni ma na ce a sayar, ban ɓoye ba.

"In na sayar, da me za a riƙa kai shi asibiti?" in ji ta. "A bayanki?"

"Ke kaɗai za ki iya da jirgin nan?"

"Wa ya ce ni kaɗai? Ba ga ki ba, Yaya. Jikin nan naki ai ba na ado ba ne."

Haka na tsinci kaina a goshi, ina ja ina saki ina kiran Allah.

Da lokacin guguwa ya matso, Seli ta bi jirgin daga kai zuwa gindi kamar yadda mijinta ke yi. Ta tarar igiyar anka ta tsufa, duwatsun murjani sun gaigaye ta, wani wurin saura zare biyu. Yaran suka aiko da sabon naɗi na igiya a jirgin kaya. Ta zauna ta yi lissafi. Wuri mafi zurfi da za mu iya fakewa in iska ta kama mu a hanya shi ne Lungun Ƙaguwa, gaba takwas. Takwas sau biyar, arba'in. Igiyar gaba arba'in za a yanka, ragowar a ɗaure rufin gidanta da nawa.

Da rana tsaka aka yi aikin, a bakin ruwa. Mun fito da Sunia inuwa a kan tabarma, na ajiye masa kwanon gwaza da kifi a madarar kwakwa, ina ba shi a baki. Seli tana tsaye tana buɗe hannu tana ja, tana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, duk biyar ta ɗaura ƙyalle. Sunia ya zuba mata ido. Da ta kai arba'in ta ɗauki wuƙa, sai mutumin nan ya fara jijjiga, yana dukan tabarma da hannunsa mai lafiya, wuyansa ya kumbura, har ya fizgo kalma daga maƙogwaro.

"Ƙa... ƙara."

Wayyo murna! Tun da ya faɗi ba mu ji kalma daga bakinsa ba. Seli ta datse igiyar ta yar da wuƙar ta rugo ta rungume shi. Maƙwabta suka taru, mata na guɗa, aka ƙaro gwaza, aka ƙaro kifi. Yana kawar da kai yana hawaye, kowa na cewa kukan farin ciki ne. Ran Lahadi fasto ya yi wa'azi a kai. Tsohuwar igiyar kuwa aka yayyanka ta aka ɗaure aladu.

Bayan nan ba da jimawa ba muka kai shi Neiafu, garin da asibiti yake, ganin likita. Da za mu dawo, rediyo ya ce iska mai ƙarfi na zuwa, amma sai washegari. Seli ta dubi sama ta dubi Sunia, ta ce gara ya kwana a gidansa da ya kwana a barandar asibiti. Muka ɗaga zane da hantsi, mu uku rak.

Ba mu ci rabin hanya ba sama ta arewa ta yi baƙi ƙirin. Tsuntsaye suka ɓace. Iska ta fara zuwa da fizga, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfin da ya fi na baya. Na juya wurin Seli.

"Seli, ba washegari suka ce ba?"

"Je ki tambaye su."

"Za mu kai gida?"

"Ba za mu kai ba. Lungun Ƙaguwa za mu shiga. Sa masa rigar ceto, ki ɗaure shi da turke."

Rigar ceto ɗaya ce a jirgin. Na sa wa Sunia, ko rufe ƙirjinsa ba ta yi ba. Na zaunar da shi a gindin turken tsakiya na naɗe shi da zanena. Ina ɗaurewa ina tunani, mutumin da ko kansa ba ya iya riƙewa daidai, in jirgin nan ya fashe, wace riga ce za ta cece shi? Ni ba iyo ba, Seli kuma ba ta kai rabinsa ba. Ya dube ni, na ga shi ma abin da yake tunani ke nan.

Lungun Ƙaguwa ba gari, ba gida, ba kowa. Tudu ne ya kare shi daga arewa, ta kudu kuma duwatsun murjani ne jere, ruwa na fashewa a kansu fari fat. Seli ta shigar da mu tsakiya, muka sauke zane da ƙyar yana marin fuskokinmu, ta ce, "Jefa!" Na jefa anka. Na saki igiya, ƙyalle na bin ƙyalle ta tafin hannuna, har na takwas. Na naɗa ƙarshen a ɗan turken goshi, saura 'yar wutsiya da ba ta fi kamu biyu ba.

"Arba'in?"

"Arba'in cif."

"To mun tsira. Zauna."

Ban zauna ba. Igiyar ce ba ta yi mini ba. Lokacin da nake ganin Sunia na yi, igiya takan tafi nesa can gaba kafin ta shiga ruwa. Wannan kusa ta nutse, a miƙe, tana kuka. Na ɗora hannu a kai, na ji tana karkarwa, ta yi tsalle, ta tsaya, ta sake karkarwa. Na ɗaga kai na dubi wata bishiyar kwakwa da ke daidai da wani baƙin dutse a kan tudu. Ina kallo bishiyar ta rabu da dutsen.

"Seli! Tafiya muke!"

"Ƙarya ne. Tsoro ne ke ruɗa ki."

"Zo ki taɓa, 'yar taurin kai! Zo ki taɓa!"

Ta rarrafo ta dafa igiyar. Na ga fuskarta ta sauya. Tun da uwarmu ta haife ta ban taɓa ganin tsoro a idon yarinyar nan ba sai ranar, kuma shi ya ƙarasa ni. Anka yana jan ƙasa. Iska tana tura mu baya-baya zuwa duwatsun nan, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa.

"Ba zai yiwu ba," take ta faɗa. "Takwas sau biyar. Takwas sau biyar arba'in ne. Yaya, kin tabbata kin saki duka?"

"Ga wutsiyar a hannunki, me zan ɓoye, in kai gida in yi miya?"

Ruwan sama ya sauko, mai zafi a fata. Ƙarar duwatsun ta fara fin ta iska. A cikin wannan hargitsin muka ji bugu, bum, bum, bum. Sunia ne ke dukan katako da dunƙulen hannu. Seli ta ja jiki ta isa gare shi. Ya cafke wuyan hannunta na dama, ya saki, ya miƙe hannunsa na hagu sosai zuwa gefe, ya yi mata alama da haɓa. Ba ta gane ba. Ya sake cafko ta ya manna ƙirjinta da nasa, ya shimfiɗa hannunta a kan nasa. Yatsunta ko wuyan hannunsa ba su kai ba.

"Ƙara," in ji shi.

Seli ta dubi hannunta, ta dubi nasa. Sannan ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku. Yaya, zurfin nasa ne, igiyar tawa ce."

Sai a lokacin ni ma na gane. Takwas ɗin da hannun Sunia aka auna shi. Arba'in ɗin da nata. Arba'in a hannun Seli da ƙyar ya kai talatin a nasa. Da ita ta auna zurfin ta auna igiyar, da lissafi ya fita. Duk tsibirin nan da gaba muke awo, kowa da hannunsa, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi hannun wa.

"Saura goma," ta ce. "Goma nasa. Ina za mu samu?"

Ragowar sabuwar igiyar tana kan rufin gidajenmu. Tsohuwar tana wuyan aladu. Seli ta ɗaga kai ta dubi turken tsakiya. Igiya ɗaya ce mai tsawo ta rage a jirgin, wadda ake ɗaga zane da ita, ta hau har ƙololuwa ta sauko.

"Kar ki soma," na ce. "In kin zare ta da me za mu ɗaga zane mu gudu in ankan ya ƙi?"

"Ba za mu gudu ba."

"Siririya ce, Seli, tsinkewa za ta yi!"

"To kawo taki mai kauri."

Ta zare ta. Ina ji igiyar ta faɗo kan katako, na san ba sauran hanyar fita daga lungun nan sai wadda anka ya ba mu. Na waiga baya, abin da bai kamata in yi ba. Duwatsun sun matso har ina ganin ciyawar ruwa tana kwantawa a kansu in igiyar ruwa ta janye. Fitsari ya kufce mini, ban ji kunya ba, ba na kuma ji yanzu.

Ta ƙulla siririyar a wutsiyar mai kauri, ƙulli kan ƙulli, ta ja da haƙori. Ɗaya ƙarshen ta ɗaure a gindin turken tsakiya, ta naɗa sau biyu, ta danƙa mini.

"Zan kwance ta goshi. In nauyin ya dawo kanki, ki riƙa saki kaɗan-kaɗan. In kin saki gaba ɗaya za ta fizge ta tsinke. Kin ji?"

"Ba zan iya ba."

"Yaya, dube shi."

Na dube shi. Ya riga ya miƙo hannunsa mai lafiya ya kama igiyar a bayan nawa.

Seli ta rarrafa goshi. Jirgin yana ɗagawa sama yana faɗowa, ruwa na wanke ta. Ta jira ya sunkuya, igiya ta ɗan yi sanyi, ta warware naɗi ɗaya. Ta jira, ta warware na biyu. Na uku bai jira ta ba. Wata igiyar ruwa ta ɗaga mu, mai kaurin ta fizge daga turke da ƙara kamar harbi, na ji Seli ta yi wani ihu gajere. Nauyin jirgin duka ya faɗo hannuna. Tafina ya kama wuta. Ina ihu ina saki, ina ihu ina riƙewa, Sunia na gurnani a kunnena, siririyar tana zagaya turke tana hayaƙi, har ta ƙare ta tsaya a ƙulli.

Jirgin ya ci gaba da ja baya. Na rufe ido na fara kiran sunayen 'ya'yana. Sai na ji an finciko mu ta goshi, har na kifa a kan Sunia. Igiyar ta miƙe can nesa, tana ɗigar ruwa, siririya abin tausayi. Na nemi bishiyar kwakwa, na sa ta daidai da wani tsagin dutse, na ƙura mata ido. Ba ta motsa ba. Na ci gaba da kallo har idona ya yi yaji, ba ta motsa ba. Tsakanin gindin jirgin da duwatsu, mai ƙarfi zai iya jefa kwakwa ta isa.

Seli ta dawo da rarrafe, hannun hagu cuse a hammata. Jini yana bin rigarta ruwa na wankewa. Na ɓanɓaro hannun da ƙarfi. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi babu su, igiya ta tafi da su. Na yage gefen rigata na ɗaure, ina zaginta ina kuka. Ita ko ta kaina ba ta bi ba. Ta jingina da mijinta tana haki, haƙoranta na haɗuwa.

"Bakin gari, uku," ta ce masa. "Neiafu, sha biyu. Duk naka ne, ko? Duk wanda na haddace."

Ya gyaɗa kai.

"Da yatsa ukun layin kaya?"

Ya ɗaga yatsunsa, kowane ɗaya ya kusa biyu nata. Ta dube su, ta rufe ido. Tun da ya kwanta take loda jirgin nan fiye da ƙima, da mata da jarirai a ciki, tana auna layi da 'yan yatsunta tana cika baki.

Iskar ba ta sassauta ba sai da rana ta yi sanyi, kuma kowace fizga ina jiran in ji siririyar ta tsinke. Ba ta tsinke ba. Masunta daga tsibirinmu suka same mu washegari, suka ja mu da kwalekwale mai inji.

Tun hannunta bai warke ba ta sa aka saro mata gora miƙaƙƙiya. Muka kwantar da Sunia rigingine a tabarma, ta ɗora gorar a ƙirjinsa. Ya miƙe na hagu da kansa. Na daman ya riga ya ƙage, ni aka sa in miƙe shi, ina ja yana nishi gumi na keto masa. Na ce a bari haka, ya girgiza kai. Na ja har ya miƙe. Seli ta yi alama da wuƙa a bakin dogon yatsansa, nan da can, ta yanke. Da gorar nan aka sake auna kowace igiya a Tavake, aka kuma zana faɗin yatsunsa uku a jikinta.

Sunia bai ga wani lokacin guguwar ba, a gidansa ya cika, a kan tabarmarsa. Jirgin yana nan, Seli na tuƙi da yatsa takwas, ni ina goshi ina rawar jiki ina mita.

Kwanan baya mun kwantar da jirgin a yashi muna kankara, na zagayo neman wuƙa sai na same ta a ɗaya gefen. Ta jingina gorar a jikin jirgin a kwance, ta manna ƙirjinta a tsakiya, ta buɗe hannayenta iya ƙarfinta. Ta kowane ɓangare da saura mai yawa. Ta daɗe a haka, fuskarta a jikin katako. Na koma gefena na ci gaba da kankara da ɓawon kwakwa.